Injin Motar Yaya Bashir da Tukunyar Dalma

Akwai wata magana da na san ta kai kunnenku, ko da yake babu ɗayanku da ya taɓa yi min ita a fuska. An ce ni mahaifinku na taɓa farke motar marainiya na rabu da injinta. Wanda ya faɗa bai yi ƙarya duka ba, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa. Zan ba ku labarin yadda ya faru tun da sauran hankalina, kuma a ƙarshensa akwai saƙon da nake so ku riƙe.

Yaya Bashir, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Ya tafi Turai karatun injiniya a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ya dawo da akwatin littattafai da mota. Motar ja ce, mai kujera biyu tak, ta kwanta a ƙasa har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Ranar da ya kawo ta gida Zariya, mahaifiyarmu ta zagaya ta sau biyu, ta leƙa ciki, ta ce wannan motar marowata ce, ko akuya ba za ta ɗauka ba. Yaya ya yi dariya har da hawaye, amma bai daina son ta ba. Kowace Asabar yana ƙarƙashinta ko kansa na cikin bonet, ni kuma ina tsaye ina miƙa masa sifana ba tare da na san me yake ɗaurewa ba. Ya sha gaya min cewa irinta uku ya sani a ƙasar nan: ɗaya ta ƙone a hanyar Jos, ɗaya wani a Ibadan ya bar wa kaji suna ƙwai a ciki, sai tasa. Ni a lokacin na ɗauka fariya ce irin ta masu mota.

Allah ya yi masa rasuwa 'yarsa Nafisa tana da shekara shida. Da aka zo rabon gado, masu ƙiyasi suka yi wa motar kuɗin da bai kai na babur ba, domin ta daɗe ba ta tashi, kuma babu wanda ya nuna yana so. Sai ta faɗa cikin kason Nafisa, ni kuma aka ɗora min riƙon kason har ta girma. Mahaifiyarta, Yaya Rabi, da hannunta ta ba ni makullin, ta ce: “Kabiru, amana ce.” Da ma'aikatarmu ta taso zuwa Abuja, a bayan babbar mota na ɗauko ta, abokan aikina suna yi min tsiya cewa wasu suna kwaso firij ni ina kwaso gawa. Shekara goma sha tara tana hannuna, yawancinsu a garejin gidanmu na Garki a lulluɓe da tamfal. Kun san ta, domin babu wanda bai sha bulala a cikinku ba saboda ɓuya a cikinta.

Shekarar da abin ya faru, mulkin farar hula ya zauna, wayar hannu ta shiga aljihun kowa, Abuja kuma ko'ina ka duba gini ake yi. Ni ma an ƙara min girma a wurin aiki, na ɗan ji aljihuna ya yi nauyi, kuma ba na jin kunyar gaya muku cewa irin wannan nauyin ne yake sa dattijo ya fara dabara. Nafisa ta gama karatun haɗa magunguna, ta samu aiki, suna zaune da mahaifiyarta a Kubwa, an kuma sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Sai na ce a raina, me zan ba yarinyar nan da ya wuce ta ga motar ubanta tana tafiya a ranar aurenta? Ban gaya wa kowa ba sai mahaifiyarku, don ina son abin ya zo musu ba zato. Na sa aka ja motar zuwa Apo wurin Sande, bakaniken da ke gyara min motar hawa, mutumin kudu mai hannu da kyau da Hausa irin ta Abuja. Ya yi kwana uku yana fama da injin, sannan ya kira ni.

“Oga, wannan inji ya mutu. Ba kaya nasa. Legas babu, Onica babu. Ka bari na sa maka injin Beljiyam na Japan, mota zai tashi kamar sabo.”

Na ce tsohon fa?

“Kwandam ne, Oga. Ka bar min shi, zan rage maka kuɗin aiki.”

Wannan ita ce al'adar gareji a ƙasar nan, kowa ya sani. Abin da aka cire na bakanike ne, mai mota ba ya waiwayarsa, kuma wanda ya ce a sa masa tsohon ƙarfe a but ɗin mota sai a yi masa kallon matsolo. Ni kuma ba na son a yi min wannan kallon. Na ce ya ɗauka. Har na so a sake mata fenti fari, a yaye tsohuwar fatar kujerun a sa sabuwa, amma mahaifiyarku ta taka min birki. Ta ce launin da Yaya ya zaɓa ba zan sauya shi ba tana raye, kuma fatar nan har yanzu akwai shatin zamansa a jikinta. Na yi ƙunƙuni na bari. Bayan mako biyu na tuƙo motar da kaina daga Apo zuwa Garki, mutane suna nuna ni a danja, na mayar da ita gareji na lulluɓe, ina jin babu baffan da ya kai ni.

Abin da ban sani ba shi ne, Nafisa ma tana nata ɓoyon. Ta tsinci takardun motar a akwatin mahaifinta, ta shiga intanet a wurin aikinta, ta gano wani tsohon Bature da ya mayar da aikin ritayarsa bin diddigin irin waɗannan motoci. Yana da rajista, kowace mota da lambar jikinta da lambar injinta, da inda take, ko inda ta mutu. Wata Asabar da hantsi, kusan mako shida da sauya injin, ta shigo falona da takarda a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

“Baffa, ashe Baba ba fariya yake yi ba. Mutumin nan ya ce tun asali kaɗan aka ƙera, kuma tsatsa da haɗari sun cinye yawancinsu. Na kwatanta masa filin ajiye motoci na ma'aikatarku, ya ce waɗanda suka rage a duniya ba za su cika shi ba. Masu injinsu na asali kuwa ko layi ɗaya ba za su cika ba.”

Na ce injinsu na asali kamar yaya?

“Wanda aka haife ta da shi. Akwai lamba a jikinsa da ta dace da takardar kamfani. Ya ce idan an sauya inji, masu tara irin motocin nan kallon gangar jiki kawai suke yi mata. Tamu ya rubuta ta cikin ɓatattu shekara da shekaru, da sunan Baba a gefe. Hoton lambar kawai yake so, ya mayar da ita cikin rayayyu. Baffa, a ba ni makullin gareji.”

Na yi mata ƙarya, kuma ita ce ƙarya ɗaya da na yi a labarin nan: na ce makullin yana ofis, ta dawo ranar Litinin. Tana fita na kira Sande. Ya ce injin ai tun makon da ya cire shi ya sayar wa 'yan gwangwan na Dei-Dei, a kan sikeli. Da ya ji muryata ta sauya, sai ya kawo min shawara.

“Oga, kar ka damu. Lamba ne kawai? Akwai mai buga lamba a nan. Ka kawo takarda, mu buga a sabon inji, mu shafa baƙin mai, a ɗauki hoto kusa-kusa. Bature yana can, ina zai sani?”

Ina so ku sani cewa na saurare shi har ƙarshe, kuma ban kashe wayar da fushi ba. Na yini ina juya maganar. Shekara talatin ina aikin gwamnati ban taɓa sa hannu a takardar bogi ba, ga shi ina zaune a falona ina lissafin yadda zan yi wa 'yar wana ita. Da la'asar na gaya wa mahaifiyarku komai. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce:

“Alhaji, garin neman gira ka rasa ido, yanzu kuma kana neman ka zana ido da alli. Na farkon rashin sani ne, Allah ya gani. Na biyun kuwa cin amana ne, kuma ni ba zan zauna da shi ba.”

Washegari Lahadi na tafi Kubwa na zauna a gaban Yaya Rabi da Nafisa na faɗi abin da na yi, har da ƙaryar makulli. Nafisa ta ninke takardar Baturen ta yi ta ninkewa har ta zama kamar laya. Da ta yi kuka da ya fi min sauƙi. Yaya Rabi ce ta yi magana, ita da muke wasan ƙanin miji tun ina saurayi, amma ran nan babu wasa a muryarta.

“Kabiru, na ce maka amana, ban ce maka gyara ba. Shekara goma sha tara ban taɓa tambayarka ba. Wa ka shawarta? Yarinyar nan ko muryar ubanta ba ta tunawa, abin da hannunsa ya fi taɓawa a duniya shi ka ba 'yan gwangwan.”

Akwai wata baƙuwa a ɗakin ciki da ta ji rabin maganar, kuma daga bakinta labarin ya isa Zariya kafin ni na isa Garki. Can aka ƙara masa gishiri, aka ce na san darajar injin, na sayar wa Turawa a ɓoye. Wannan ne labarin da kuka ji.

Ranar Litinin na ɗauki hutu a ofis, na sa Sande a gaba muka nufi Dei-Dei. Wanda bai ga kasuwar gwangwan ta wancan lokacin ba, ba zai gane ba. Gine-ginen Abuja suna cin rodi, masu yin rodi suna cin tsohon ƙarfe, don haka duk abin da aka ajiye yau, gobe yana kan tirela. Tsibin ƙarfe ya fi gidan sama tsawo, ana ta sara da guduma, ni kuma ina ratsawa da farar shadda da takalmin ofis. Muka samu wanda ya sayi injin, wani Bakatsine mai suna Alhaji Ɗanlami, yana zaune kusa da sikelinsa yana cin gyaɗa. Na yi masa bayani, na nuna masa wani tsohon hoto na Yaya a tsaye gaban bonet a buɗe. Ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa mai neman allura a rijiya.

“Ranka ya daɗe, mako shida? Mu nan kaya ba ya kwana bakwai. Ka tafi Idu wurin masu narkawa, amma ina jin yanzu injinka yana riƙe da rufin kankare na wani otal.”

Muka tafi Idu. Kwana biyu ina zarya a ƙofar wata masana'antar rodi kafin a bar ni na shiga, kuma da na shiga na gwammace ban shiga ba. Na ga maganaɗisu mai faɗin ɗaki yana ɗaukar ƙarafa yana zubawa a wuta, ƙofar mota da gadon asibiti da injin niƙa duk ɗaya ne a wurinsa. Na tsaya ina kallo har zafin ya sa na ja da baya. Wani ma'aikaci da ya ga ina neman faɗuwa ya kawo min kujera, ya karɓi hoton ya duba, sai ya ce wannan inji fari ne, ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyam ne, abin da mutanenmu ke ce wa dalma. Ya ce maganaɗisunsu ba ya kama shi, kuma su ba sa saye, yana ɓata musu rodi. Na koma Dei-Dei da wannan maganar. Alhaji Ɗanlami ya dafe goshi ya ce tabbas, farin kaya daban yake warewa, masu ƙera tukwane ne suke zuwa su kwasa, amma bai san sunayensu ko inda suke ba, ciniki ne na hannu da hannu.

Na dawo gida na ce wa mahaifiyarku magana ta ƙare, injin Yaya ya zama tukwane, kuma ban san ko ta ina zan fara neman maƙeran ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

“Kai da digirinka biyu ba ka san inda tukunya ke fitowa ba. Wa kake tsammani yake sayen tukwanen biki a gidan nan? Masu zubin dalma a garin nan ba su fi a ƙirga ba, kuma duk na san su. Gobe ka sa tsohuwar riga.”

Haka muka yi kwana uku, ita a gaba ni a baya kamar ɗan rakiya. Mun je wurin na bayan kasuwar Dei-Dei, mun je na Gwagwa, mun je na Mararraba. Ko'ina labarin ɗaya ne: ana fasa inji da guduma a ranar da aka kawo shi, domin kaskon narkawa ƙarami ne, sai gutsattsari yake ci. Ina ganin tarin fasassun injuna a gefen kowace maƙera, ina ɗaga gutsure ina neman lamba, har yatsuna suka yayyanke. A wannan kwanakin na daina tunanin darajar mota kwata-kwata. Abin da ke raina shi ne ranar da zan tsaya gaban Allah da Yaya Bashir a tambaye ni kason marainiya.

Ranar Asabar muka isa Kurudu, wadda a lokacin gonaki sun fi gidaje yawa. A bayan wata gonar masara akwai rumfar kwano, hayaƙi na tashi, wani dattijo siriri mai suna Malam Iro yana danna yashi a cikin akwatin katako da dugaduginsa. A cikin wannan yashin suke fitar da siffar tukunya, sannan su zuba narkakkiyar dalma. Mahaifiyarku ta gaishe shi gaisuwar tsohon ciniki, ni kuma na miƙa masa hoton ba tare da wani fata ba. Ya goge hannunsa, ya nisanta hoton da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya nufi ƙuryar rumfar ya yaye wasu buhuna.

Ga shi nan. Na gane shi kafin na ƙarasa, domin na yi shekaru ina miƙa sifana a kansa. Na durƙusa a cikin toka, na goge gefensa da hannun rigata, lambar ta fito. Na ciro takardar da na kwafe ta a kai, amma idona ya ƙi gani, sai mahaifiyarku ce ta karanta ɗaya bayan ɗaya, ni ina bin ta da yatsa a jikin ƙarfen. Da ta kai ta ƙarshe na zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa jin sanyi irin wannan a ƙirjina ba, ko ranar da aka ce min an haifi babbarku lafiya bayan doguwar naƙuda. Na yi hamdala har na rasa adadi, na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba.

Da na samu bakin magana na tambayi Malam Iro me ya hana shi fasawa.

“Alhaji, na ɗaga guduma sau biyu. Wannan zubin yashi ne irin namu, ka ga shatin yashin a jikinsa. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa zuba abin da ya kai faranti ba tare da ƙurjin iska ko ɗaya ba. Wanda ya zuba wannan, ga lungu ga saƙo ga hanyar ruwa a ciki, babu ƙurji ko na ƙwayar gero. Na ce wannan malami ne, bari na ɗan zauna da aikinsa ina kallo. Amma kun zo a kan gaɓa. An ba ni aikin manyan tukwanen Sallah, jibi na yi niyyar rufe ido na fasa shi.”

Sai ya sunkuyar da kai ya ce akwai abin da zai faɗa. Murfin saman injin, mai rubutu a jiki, shi kam ya riga ya narka shi tun makon farko, don ya ga yadda dalmar take a wuta. Ya shiga cikin jerin tukwanensa ya ɗauko wata matsakaiciya, ta mudu biyu, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta yi ƙara siririya ta daɗe ba ta yi shiru ba. Ya ce ya ƙi sayar da ita domin bai taɓa fitar da mai kyanta ba. Na sayi injin, na sayi tukunyar. A kan injin bai ƙara ko sisi bisa abin da ya saya ba, duk yadda na yi da shi, amma a kan tukunyar sai da suka yi rabin awa suna ciniki da mahaifiyarku.

A bayan a-kori-kura muka kai su Kubwa kai tsaye, ni a zaune a baya ina riƙe da injin kamar mai kai mara lafiya asibiti. Nafisa ta fito, ta duba lambar, ta ɗauki hoto, sannan ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Lahadin nan. Ta ce: “Baffa, dubi hannunka.” Ta shiga ta ɗauko magani ta wanke min yankan da kanta. Yaya Rabi ta daɗe a bakin ƙofa ba ta matso ba. Na ɗauki tukunyar na ajiye a gabanta, na gaya mata daga inda ta fito, na ce wannan ne abin da ban iya dawowa da shi yadda yake ba, ta yafe min. Ta ɗaga ta, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa.

“Shekara goma ina zaune da yayanka, kowace Asabar motar nan ce ke ƙwace min shi. Yau Allah ya ba ni ita a inda zan ɗora ta a wuta.”

Ta shige da tukunyar ciki ba ta ce ta yafe ba. Bayan kwana biyu sai ga tukunyar a gidanmu cike da dambun shinkafa da zogale, irin wanda ta san ina so tun ina ɗan makaranta. Mahaifiyarku ta ce ba a mayar da kwano babu komai, ta cika ta da farfesu ta aika. Daga nan tukunyar ta kama zarya tsakanin Garki da Kubwa, kuma ba ta taɓa tafiya da yunwa ba.

Motar ba ta yi tafiya a ranar auren ba. Sande ya cire injin Japan ɗin, Allah ya taimaka bai yanka komai a jikinta ba lokacin da ya ɗora shi, aka mayar da na asali mazauninsa ko da yake ba ya tashi. Baturen ya mayar da ita cikin rayayyu, ya yaba da fentin da kujerun da ba a taɓa ba, abin da mahaifiyarku ba ta bar ni na manta ba har yau. Ya samo mana wani murfin daga motar da ta mutu a can, ya kuma roƙi hoton tukunyar, ya ce a duk rajistarsa babu motar da wani sashenta ke dafa abinci. Masu saye sun yi ta aiko da saƙo, da tayin da ya sa na gane girman abin da na kusa zubarwa. Na kai wa Nafisa makulli da takardu na ce ta ɗauke motar daga hannuna, na gaji da amana. Ta mayar min da makullin, ta ce garejin Baffa ya fi ko'ina aminci, tunda yanzu na san inda ake neman abu idan ya ɓata. Sayarwa ko bari, wannan shawararta ce, kada ɗayanku ya sa mata baki.

Yaya Rabi ta rasu shekara huɗu da suka wuce. A makon da ta kwanta ciwo ta sa aka aiko mana da dambu, don haka tukunyar tana gidanmu lokacin da Yaya Rabi ta cika. Tana nan a saman kabad ɗin kicin, mai ɗan tabo a kunnenta na hagu. Na sha niyyar mayarwa, amma duk ranar da na ce a sauko da ita sai na kasa.

Saƙon da na ce ku riƙe shi ne wannan. Idan na mutu masu rabon gado suka zo ƙirga kayan gidan nan, ku cire tukunyar nan gefe. Ba tawa ba ce, ba ta mahaifiyarku ba ce. Murfin injin Yaya Bashir ce, tana cikin kason Nafisa tun tana da shekara shida. Ku kai mata har gida, kuma kada ku kai ta babu komai a ciki.